Gyambo a Harshen Mai Girki

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau sun yanki ɗan nama daga harshena a asibitin birnin Iași. Bai kai ƙwayar wake ba. Likitan ya jefa shi cikin 'yar kwalba, ya liƙa sunana a jiki, Aglaia Ciobotaru, shekara hamsin da takwas, ya ce in dawo nan da kwana goma. Na tambaye shi me yake zato. Ya ce ba ya aiki da zato. Amma na ga irin kallon da ya yi wa ɗalibarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyara safar hannun da babu abin da ya same ta.

Magana tana yi min zafi, shi ya sa na ɗauko wannan littafi. Na girki ne, a ciki nake rubuta kabeji nawa da shinkafa nawa za su ishi mutum ɗari biyu. Na juya shi na fara daga baya.

Gavril ya jira ni a mota. Mijina ba ya shiga asibiti, ko ƙofar ba ya son gani. Da na fito ya dube ni ya ce, "Tsohuwa, shekara talatin da shida ina roƙon Allah ya rage miki harshe, ashe likita ne zai yi aikin." Na so in yi dariya, ɗinki ya hana. Har muka iso gida ko rediyo bai kunna ba.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Tun watan Maris abin ya fito, a gefen hagu. Na ɗauka haƙorina da ya ɓare ne yake gurza wurin. Likitan haƙori ya goge haƙorin, gyambo bai tafi ba. Na sa zuma, na kurkure da ruwan gishiri, na sha duk wani ganye da matan ƙauyen nan suka kawo. Yanzu ya kai faɗin farcen babban yatsa, bakinsa ya yi tauri.

Saveta ce ta tilasta ni zuwa asibiti. Shekara ashirin da biyar muna girkin biki da na sadakar mamaci tare, ita ta riƙe 'yata Ilinca ranar baftisma. A sadakar arba'in ta tsohon makanike na zuba wa miyar tsami gishiri har sau biyu, don ban iya ɗanɗanawa ba. Mutum tamanin suka sha suna kallon juna. Saveta ta ja ni bayan tanti ta ce in buɗe baki. Da ta gani ba ta zage ni ba. Rashin zagin nan shi ya fi tsorata ni.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan abincin rana

Ilinca ta kira daga Italiya. Na miƙa wa jikata Ruxanda wayar ta yi ta zuba surutu, yarinyar shekara huɗu ba ta gajiya da labarin kaji. Da aka dawo kaina na ce haƙori ne. Ilinca ta ce, "Mama, muryarki kamar kin cika baki da tuwo." Na ce tuwon ne.

Shekara uku ke nan jikata tana hannuna, uwarta tana can tana jinyar wani tsoho da ba danginta ba. Me zan ce mata? Ta baro aiki saboda kwalbar da ba a buɗe ba tukuna?

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Ya ƙara faɗi, ko kuwa madubin ne.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Bayan coci na tsaya a kabarin mahaifiyata. Nata a maƙogwaro ya fara. Wata bakwai ta yi, a ƙarshe da cokalin shayi nake ɗiga mata ruwa. Ba zan rubuta sunan ciwon ba.

Daga nan na hau keke na je ƙetaren kogi. Na kai abin da na saba kaiwa. Ban daɗe ba.

Litinin, 13 ga Mayu, da yamma

Na buɗe akwatin kayan jana'izata da ke ƙarƙashin gado. Tawul ashirin da huɗu na masu ɗaukar gawa, kyandir, baƙin ɗankwali, takalmin da ban taɓa takawa ba. Komai yana nan, asu bai taɓa ba. Ina cikin ninkewa Gavril ya shigo neman almakashi. Ya ga kayan a kan gado, ya ce almakashin ba ya nan, ya fita. Almakashin yana hannuna.

Da rana na tsayar da shi gaban murhu na koya masa tuƙa tuwon masara. Ya yi gudaji kamar tsakuwa. Ya ce me zai yi da koyon tuwo yana da mata. Na ce mata tana iya zuwa unguwa. Ya ajiye muciya ya ce to shi ba zai ci ba sai ta dawo.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Gobe. Na wanke labule duka, ban san dalili ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Ba ciwon daji ba ne.

Ga shi na rubuta. Ciwon daji. Kwana goma na kasa, yanzu sai in cika shafi da shi ban ji komai ba.

Tarin fuka ne, a harshe. Na ce likita, tarin fuka ai a ƙirji yake, ni ko tari ba na yi. Ya ce shi ma a duk shekarunsa na aiki sau biyu ya taɓa gani. Ƙwayar cutar tana hawowa daga huhu cikin kaki, in ta tarar da inda haƙori ya ƙuje sai ta zauna. Ya aika ni hoton ƙirji, aka ga tabo a sama ta dama, kamar ƙwan tattabara. Sai a lokacin na tuna gumin da nake jiƙa matashi da shi ina cewa shekaru ne, da siket ɗin da na matse wa ƙugu har sau biyu, da ɗan gyaran muryar da nake yi kowace safiya.

Na tambaye shi ana warkewa. Ya ce wata shida na magani, in na sha yadda aka ce, zan warke sarai. Na fashe da dariya har da hawaye. Ɗalibar ta miƙo min takunkumi tana kallona kamar na zare. Na ce mata 'yar nan, ba za ki gane ba, ni na riga na ninke tawul.

Na ƙwanƙwasa gilashin mota na gaya wa Gavril. Ya sa na maimaita a kunnensa mai ji, don ɗayan ya daɗe da mutuwa. Sai ya kifa kai a kan sitiyari, hon ya yi ta ƙara, shi bai ma sani ba, har mai gadi ya taso.

Murnata ta kai ƙofar gida ne kawai. Ruxanda ta rugo da gudu tana kiran Kaka, hannu a buɗe. Na ɗaga tafin hannu na tsayar da ita daga nesa. Ta tsaya tana kallona. A gadona take kwana tun tana shekara ɗaya.

Juma'a, 17 ga Mayu, da rana

An kwantar da ni a asibitin huhu da ke kan tudu. Ɗaki mai gado biyu, ni kaɗai, taga a buɗe kullum. Ana ganin itatuwan lambu da ginin maza a ɗaya ɓangaren.

Likitar nan mace ce, Olaru, 'yar siririya, ba ta kai Ilinca shekaru ba. Na kama ta da tambaya kan mutanen da na ciyar. Bikin watan Fabrairu, sadaka uku, baftisma biyu. Ta ce in kwantar da hankali, ba a cikin abinci yake tafiya ba, a iska yake, kuma sai wanda aka daɗe da shi a rufaffen ɗaki. Ta rubuta sunaye uku: Gavril, Saveta, Ruxanda. Ranar Litinin za a gwada su.

Na ce yarinyar da cokalina take ci. Ta ce ba cokalin ne abin damuwarta ba, gadon ne.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Ƙwayoyi cike da tafin hannu, kafin a ci komai, nas tana tsaye sai ta ga na haɗiye. Kowace ɗaya sai ta gogi gyambon kafin ta wuce. Fitsari ya koma ja kamar ruwan karas. An gaya min tun farko, amma duk da haka sai da na yi alamar gicciye.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Na gaya wa Ilinca. Ta tambaya tun yaushe. Na ce Maris. Ta ce, "Wata biyu da rabi kina kwana da 'yata da wannan a bakinki, kina ce min haƙori?" Na ce ban sani ba. Ta ce rashin sani daban, ƙarya daban. Ta kashe wayar.

Tana da gaskiya. Na zauna ina jin haushinta, kuma tana da gaskiya.

Yau Lahadi, ban je ƙetaren kogi ba. Na bar garin masara da wake da man alade da za su kai mako guda, in an yi tattali.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Wata nas ta zo da takarda. Akwai mai tari a gidanku? Babu. A dangi? Babu. Wanda ya zauna gidan yari, ko gidan tsofaffi, ko ya dawo daga aikin ma'adinai? Na dubi taga na ce babu. Ta rubuta ta yi godiya ta tafi.

Na yi ƙarya yau. Ta biyu ke nan a wata ɗaya, ni da nake cika baki ban iya ta ba.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan abincin rana

Saveta ta kira. Labari ya zaga ƙauye. Uwar amaryar da za mu yi wa girki ranar sha biyar ga Yuni ta je gidanta, ta yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ta tambaya ko za a iya amfani da wasu tukwane ba nawa ba. Ta ƙara da cewa ita ta ɗauka wannan ciwon na mashaya ne da 'yan gidan yari. Saveta ta ce mata tukwanen Aglaia sun fi bakin wasu tsabta, in ba a so su to ba a son Saveta, ta je ta nemi wanda zai naɗe mata ƙunshin kabeji dubu biyu cikin mako uku. Matar ta ce wasa take yi.

Na ce Saveta, da kin bar ta, tsoro ne. Ta ce in rufe mata baki in sha maganina, kuma in faɗa mata shinkafa nawa nake sawa a kilo goma na nama, don shekara ashirin da biyar ina ɓoye mata. Na faɗa mata. Ta ce dama ta sani.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe biyu

Gavril lafiya. Saveta lafiya.

Hannun Ruxanda ya kumbura inda aka yi allurar gwaji. An auna da abin awo. Ta ɗauka. Gobe hoton ƙirji.

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, da rana

Ƙirjinta fes. Likita Olaru ta zo da kanta ta gaya min. Ƙwayar ta shiga jikinta amma ba ta tashi ba, za a ba ta magani na wata shida a kashe ta tun tana barci, kuma ba za ta sa wa kowa ba. Na sa ta maimaita sau uku. Na so in sumbaci hannunta, na tuna bakin da zan yi da shi, na fasa.

Ba ta fita ba. Ta zauna a ɗaya gadon ta ce, "Mama Aglaia, ba na neman sirrin kowa. Amma wanda ya ba ki wannan ciwo ya fi ki jin jiki, kuma ba ya shan komai." Ta ce in na tuna wani abu, ofishinta yana ƙarshen baranda.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Bari in rubuta a nan tukuna, in ga ko hannuna zai iya.

Toader ne, ƙanina. Shekara takwas da suka wuce ya sha ya bugu ranar yankan inabi, ya hau tarakta, ya taka Mitică ƙanin Gavril a hanyar gona. Mitică bai kai asibiti ba. Aka ɗaure Toader shekara bakwai. A bakin kabari Gavril ya rantse cewa muddin yana numfashi wannan mutum ba zai taka gidansa ba, ba zai ci daga tukunyarsa ba, ko sunansa kar a kira. Ba mu kira ba.

An sake shi a watan Satumba. Kowa ya ɗauka ya tafi Galați neman aiki a tashar jirgin ruwa. Yana bukkar gonar inabin iyayenmu a ƙetaren kogi, wadda ba wanda ya leƙa tun rasuwar babanmu. Duk Lahadi da Alhamis ina kai masa abinci, ina ce wa Gavril zan duba kabari ko kurangar inabi. Duk tsawon hunturu na zauna da shi a wannan ɗaki, ƙofa a rufe, murhu yana ci, shi yana tari cikin tsumma. Ya ce sanyin gidan yari ne. Na dafa masa albasa da zuma.

Ni na goya shi. Ina da shekara tara aka haife shi, uwarmu tana gona, a hannuna ya yi haƙori. Mitică kuwa ni na wanke gawarsa. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda ake ajiye su a ɗaki ɗaya ba.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya

Na je ƙarshen baranda. Likita Olaru ba ta yi min faɗa ba. Za ta aika nas ɗin gunduma ranar Litinin.

Talata, 28 ga Mayu, da yamma

Ya ƙi. Nas ta je da mota, ya kulle ƙofa ya yi mata magana ta taga. Ya ce ya gama zama inda ake rufe mutum daga waje, gara ya mutu a ƙasar ubansa. Ta ce da ƙyar yake tsayuwa, kuma ta ga jini a tsumman da ya shanya.

Motar asibiti a gaban bukkar babanmu. Kafin gobe duk wanda ke da kunne ya ji. Gara Gavril ya ji daga bakina.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Ya zo. Karo na farko da ya shigo harabar asibitin nan, saboda an yarda mu zauna a lambu, ni da takunkumi a wannan ƙarshen benci, shi a wancan. Ya kawo tuwon masara da ya tuƙa da kansa da cuku, a naɗe cikin tawul. Yana ta ba ni labarin yadda Ruxanda take shan maganinta a cikin cokalin jam na 'ya'yan itace, tana cewa ita da Kaka ciwonsu ɗaya.

Na gaya masa. Dole na ɗaga murya saboda kunnensa, har wasu mata biyu da ke yawo suka juyo. Na faɗa duka, Satumba, Lahadi da Alhamis, keken, tukunyar. Ya saurara yana kallon takalmansa.

Ya ce, "Daga tukunyata?"

Na ce e.

Ya ce, "Kuma shi ya sa wa yarinyar."

Na ce ni na sa mata. Ya tashi, ya gyara hularsa, ya ajiye tawul ɗin a inda ya zauna, ya tafi. Bai yi sauri ba. Na bi shi da kallo har ya fita daga get.

Tuwon babu gudaji ko ɗaya.

Alhamis, 30 ga Mayu

Bai kira ba.

Juma'a, 31 ga Mayu, da rana

Bai kira ba. Saveta ta ce yana ba kaji abinci, yana kai Ruxanda wurinta da safe, ba ya magana da kowa. Jiya an gan shi a maƙabarta ya daɗe. Ta ce da na gaya mata tun farko da ta zage ni sannan ta raka ni. Na ce da yanzu kina gadon da ke kusa da nawa. Ta ce ai da an huta da girki.

Harshe ya daina zafi in na sha ruwa. Na lura ne bayan na shanye kofin. Babu wanda zan gaya wa.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ina tsaye a taga ina taje kai sai na ga tsohuwar motarmu ta shigo, gilasai huɗu duk a sauke. Gavril a gaba da ɗankwalina ɗaure a hanci. A baya wani mutum a kishingiɗe cikin bargo. Ban gane Toader ba sai da ya sauko da ƙafa ɗaya. Ya kasa miƙewa. Gavril ya zagayo, ya tsaya a kansa kamar minti guda, sannan ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi kamar buhu, ya miƙa shi ga masu gadon tura marasa lafiya.

Ya zo ƙarƙashin tagata, ya cire ɗankwalin ya ɗago kai.

"Na kawo shi. Ban ce na yafe ba."

Na ce na ji.

"Na ɓalle ƙofar. Sai an gyara."

Na tambaye shi me ya ce masa har ya yarda. Ya ce bai ce masa komai ba, shi ma bai ce ba, kilomita arba'in ba wanda ya buɗe baki. Sai da suka zo gindin tudu Toader ya fara wata magana daga baya, Gavril ya ce masa wannan kunnen ba ya ji.

Ya tambaya ko ina buƙatar wani abu daga gida. Na ce safa. Ya ce tsohuwa, a watan Yuni, da wannan zafi? Ya tafi yana girgiza kai.

Na zauna a bakin gado. Daga baya na ci abincin asibiti duka, har miyar da ba ta da sunan kirki.

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Huhunsa duka biyu. Likita Olaru ta ce da an ƙara wata ɗaya da ba ta da abin cewa. Amma gwaji ya nuna irin wanda magani ke ci ne, nasa da nawa, ba mai taurin kan da suke tsoro daga gidan yari ba. Zai daɗe a nan, wataƙila har kaka. Ta ce in ya ci abinci ya sha magani, tana sa rai.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan abincin rana

An turo shi baranda a keke. Tsakaninmu lambu ne. Na ɗaga hannu, ya daɗe kafin ya ɗaga nasa. Nas ta kawo min 'yar takarda daga gare shi: "Yaya, ki yafe min harshenki." Na rubuta a baya cewa harshen yana warkewa kuma zai ji a jikinsa, ya cinye abin da aka ba shi.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

Ana can ana biki. Saveta ta kira sau shida tun safe. A na ƙarshe ta ce ƙunshin kabeji ya ƙare kafin a kawo gasasshen nama, uwar amarya tana ta yawo tana cewa girkin Aglaia ne, a tukwanen Aglaia. Na ce ƙarya kike. Ta ce rabi.

Gyambon ya koma kamar ƙwayar shinkafa, fari, ba zafi. Gwajin kaki na biyu ya fito babu komai. In na uku ya bi sahu, zan tafi gida.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma, a gida

An sallame ni. Sauran magani a asibitin ƙauye zan riƙa sha, a gaban nas, har Nuwamba.

Ilinca ta iso tun Laraba, ba wanda ya gaya min. Na tarar da ita a tsakar gida tana shanya, ta wanke duk abin da ke wankuwa a gidan, ta fitar da katifata rana. Ruxanda ta tsaya nesa tana jira, sai da na ce zo sannan ta zo, ta kusa kayar da ni. Ilinca ta ce sannu da zuwa Mama, ta ci gaba da shanya.

Asabar, 22 ga Yuni, da hantsi

Bayan karin kumallo ta ce in zauna a bakin taga in buɗe baki. Ta haska da fitilar waya, ta daɗe tana dubawa, ta kama haɓata tana juyawa kamar yadda nake yi mata tana ƙarama. Ta ce ya warke. Ta ce na rame. Sai ta kashe fitilar ta ce a watan Agusta za ta tafi da Ruxanda, ta samo mata makaranta a can, an gama magana.

Na san zai zo, amma sai da ya buge ni. Na ce yarinyar ba ta jin yarensu. Ta ce za ta koya. Na ce wa zai ba ta maganinta. Ta ce uwarta. Gavril ya tashi ya ce zai duba kaji.

Na yi kuka, ita ma ta yi, kowa a kujerarsa. Da na share ido na ce to bikin Ista a nan za ta yi, ba na son jin komai. Ilinca ta ce Ista hutun gajere ne, sai dai bazara. Na ce Ista da bazara. Ta ce Mama, jirgin sama ba keke ba ne. Na ce in ba za ki kawo ta ba ni zan zo, in shiga kicin ɗin tsohon naki in nuna masa abin da ake kira abinci. Ta ce Allah ya kiyaye, za a kore ta daga aiki. Muka yi ta yi, murya tana hawa, har Ruxanda ta leƙo ta koma.

Muna tsaka da haka na ji abin da bakina yake faɗa. Ista mai zuwa. Bazara mai zuwa. Shekarar da za ta shiga aji ɗaya. Ina rigima da 'yata a kan baɗi da baɗin baɗaɗa, kuma ina da niyyar cin nasara.

Na yi shiru. Ilinca ta ce mene ne, harshen ne? Na ce a'a, ci gaba, ina jin ki.